BAƘIN JIYA, 'YAN ƘASAR YAU: LABARUN ASALI A ƘASAR LAFIYA

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk ɗan Arewa da ya yi zaman Fatakwal ko Inugu a zamanin da jirgin ƙasa na gabas yake kai da kawowa, ya san in an haye gadar Makurɗi aka miƙa arewa, ba a daɗewa sai ga tashar Lafiya. Galibinmu abin da muka sani game da wannan ƙasa bai wuce doya da riɗi ba. Alhali kuwa daga cikin birnin Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa tun 1996, har zuwa garuruwa irin su Arikya, Assakio, Shabu da Kwandare, akwai wata dukiya da ba a loda ta a tarago, watau labarun da dattawa suke bayarwa na inda kakanninsu suka fito.

A Arikya, kamar sauran garuruwan ƙasar, da Hausa ake ciniki a kasuwa, amma in an koma gida kowa da harshensa, kowa kuma da labarin asalinsa. Abin da ya kamata ya ja hankalinku, ku 'yan'uwa mazauna kurmi, shi ne kusan dukan labarun nan na tafiya ne. Wani ya bar gida don rikicin sarauta, wani don addini, wani don neman ƙasar noma. A taƙaice dai, mutanen da ake kira 'yan ƙasa yau, jikokin baƙi ne.

Mu fara da Gwandara, don su ne suka fi kusa da mu. Labarin ya ce daga Kano suka fito, a zamanin da Musulunci ya yi ƙarfi a fada, galibi ana cewa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Wani ɗan sarki mai suna Karshi ya ƙi barin al'adun gargajiya, ya kwashi jama'arsa ya yi kudu. Wai da aka kira su salla suna cikin rawa, sai suka ce gwanda rawa da salla, to daga nan sunan Gwandara ya samo asali. Yau Gwandara da yawa Musulmi ne, wasu Kirista, kuma ba kowa ne cikinsu ya yarda da wannan fassara ta sunan ba. Amma zancen fitowa daga ƙasar Hausa yana da shaida mai ƙarfi, domin masana harsuna sun tabbatar babu wani harshe da ya fi Gwandara kusa da Hausa. Bakano in ya kasa kunne a Shabu ko Kwandare zai riƙa tsintar kalmomi kamar mai tsintar gyaɗa a sheƙa. Ashe abin da baka ya riƙe shekara ɗari biyar, harshe ya ba shi shaida.

Su kuwa Alago na Doma da Keana da Obi, Kwararrafa suke dangantawa da kansu, wannan daula ta kogin Binuwai da Tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta, har da shigar da mayaƙanta suka yi birnin Kano a zamanin Sarki Dadi, wajen 1671. Labarinsu ya ce rikicin gadon sarauta ne ya raba su da gida, suka yi ta tafiya har 'yan'uwa biyu suka rabu, ɗaya ya kafa Doma, ɗaya ya kafa Keana inda aka tarar da gishiri. Sarkin Doma Andoma ake ce masa, na Keana kuwa Osana. Mata ne suke aikin dafa gishirin Keana, uwa ta koya wa 'ya, kuma wannan gishiri ya daɗe yana jawo fataken Hausa zuwa yankin tun kafin zuwan Turawa. Bikin Odu na Doma da bikin gishiri na Keana makarantu ne, nan ne yara suke jin sunayen kakanni ana jerawa.

Birnin Lafiya kansa ai sunansa ya faɗi labarinsa, Lafiyar Barebari. Muhammadu Dunama ne ya kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi da jama'arsa masu asali da Barno. Daga baya garin ya bi Sarkin Bauchi Yakubu, ya shiga cikin daular Sakkwato. Jikokin waɗannan Barebari Hausa suke yi yau, amma asalin bai ɓata ba, sarautar kuma tana nan a gidan. Sarki Isa Mustafa Agwai ya riƙe ta har rasuwarsa a 2019, sa'an nan aka naɗa Sidi Bage Muhammad, tsohon alƙalin Kotun Ƙoli. Haka kuma Eggon, waɗanda suka daɗe a kan duwatsu don tsaron kai kafin su sauko fili, su ma labarinsu na ƙaura ne daga gabas.

Kada mai karatu ya zaci wannan hali namu ne mu kaɗai. Can tsakiyar tekun Pasifik akwai tarin ƙananan tsibirai da ake kira Maikronesiya. A tsibirin Pohnpei akwai kangon wani birni, Nan Madol, wanda aka gina bisa ruwa da manyan duwatsu, a kan tsibirai sama da 90 waɗanda mutane suka cike da hannunsu. Mutanen wurin sun ce wasu 'yan'uwa biyu, Olisihpa da Olosohpa, su suka zo a kwalekwale daga yamma, suka sa duwatsun suka tashi sama da sihiri suka jeru. Zuriyarsu ta yi mulki har zalunci ya yi yawa, sai wani jarumi Isokelekel ya zo da mayaƙa 333 ya kawar da ita. Kun ji, su ma 'yan'uwa biyu, su ma baƙo ne ya zama sarki, kamar dai Bayajida a Daura. Zancen duwatsu masu tashi sama kowa ya san ado ne na labari, amma birnin yana nan, masu binciken kufai sun ce an fara manyan gine-ginensa wajen shekara ta 1200, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihi na duniya.

Akwai darasin da ya fi wannan a wurinsu. Mutanen tsibiran sun gaji ilmin tuƙa kwalekwale a teku ba da na'ura ba, sai taurari da igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. Ilmin sirri ne na gida, a cikin waƙoƙi da labaru ake haddace shi. Da samari suka koma makarantun boko da aikin albashi, sai ya tasam ma ɓacewa. Wani gwani daga tsibirin Satawal, Mau Piailug, ya ga in ya rufe bakinsa ilmin zai bi shi kabari. Saboda haka ya yarda ya koya wa bare. A 1976 ya ja kwalekwalen Hokule'a daga Hawai zuwa Tahiti, tafiyar mil 2,500 ko kusa da haka, ba taswira ba na'ura. Ya rasu a 2010, amma almajiransa suna nan suna tuƙi.

Sai dai a yi hattara, labarin asali wuƙa ce mai kaifi biyu. In aka riƙe shi don sanin kai, gado ne. In kuwa aka mai da shi hujjar cewa mu muka riga zuwa, ku baƙi ne, sai ya zama makami. Ƙasar Lafiya ta ɗanɗana wannan ɗaci a rigingimun ƙabilanci, musamman a 2013, shekarar da aka yi asarar rayuka masu yawa a Alakyo. Ku da kuke Agege da Idi-Araba da Sabon Badun ba sai an yi muku bayanin zafin kalmar baƙo ba. Sabon Badun tun 1916 aka kafa ta, akwai waɗanda kakansu ma a nan aka yanke masa cibiya, amma har gobe ana tambayarsu ina ne garinku. Wanda ya saurari labarun nan da kunnen basira zai gane duk tafiya ce ta tara mu, bambancin kawai wani ya yi sammako, wani ya iso da azahar.

To, ina 'ya'yanmu da aka haifa a kurmi? Yaro ya iya Yarbanci da Turancin buroka, wannan ba laifi ba ne, ƙarin arziki ne. Amma in aka tambaye shi sunan kakansa na uku, ko unguwar da gidansu yake a Kano ko Katsina ko Lafiya, sai ya yi zuru. Da can kaka ce take tara jikoki bayan sallar lisha ta ce ga ta nan ga ta nanku. Yanzu kaka tana gida Arewa, jikoki suna Ikko, wayar hannu ta gaje gurbinta.

Magabata sun yi nasu ƙoƙari. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa a littattafai uku daga 1911 zuwa 1913, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da jerin Tatsuniyoyi da Wasanni don 'yan makaranta. Amma labarin gidanku babu Baturen da zai zo ya rubuta muku. Shawara ita ce, duk wanda zai je gida da Salla ya tafi da yaransa, ya zaunar da su gaban tsoho mafi shekaru a gidan. Wayar nan da ke aljihu a ɗauki muryarsa da ita, a tambaye shi daga ina aka zo, wa ya haifi wa, me ya kawo tashi. Sarakunan Hausawa na zango-zango su ma ya kamata su sa a rubuta tarihin kafuwar unguwanninsu tun dattawan da suka ga jiya suna da rai, domin su ma wata rana labarin asali za su zama.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gwandara sun bar Kano shekaru aru-aru, amma Kano ba ta bar bakinsu ba, don iyaye sun yi ta faɗa wa 'ya'ya. Allah ya ba mu ikon sauke namu nauyin, amin.