Daga Filin Kokawa Zuwa Aji: Yadda Mutanen Dauri Suka Horar Da Jikin Yara

A gabashin Kogin Nilu, a wani wuri da ake kira Beni Hasan a ƙasar Masar, akwai kaburburan hakimai da aka sassaƙa cikin dutse kimanin shekaru 4,000 da suka wuce. A bangon ɗaya daga cikinsu, na wani hakimi mai suna Baƙet, an zana 'yan kokawa bibiyu har sama da 200, layi bisa layi. Mai zanen ya yi wa ɗaya launi mai duhu, ɗayan mai haske, don mai kallo ya gane wa ya kama ƙafar wa. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa bayan kaka a ƙauyukanmu, ko gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar, ba zai sha wahalar gane kamun ba: ga taɗiya, ga ɗaukar ƙafa, ga wanda aka ɗaga sama saura kiris ya sha ƙasa. Ƙasan 'yan kokawar kuma sojoji ne suke kai wa wata ganuwa hari.

Wannan maƙwabtaka ta kokawa da yaƙi a bango guda ita ce farkon labarin darasin da muke kira P.H.E. Al'ummomin farko ba don nishaɗi suka horar da jikin 'ya'yansu ba. Kowace ta duba abin da take tsoro da abin da take buri, sannan ta tsara wa yaro abin da zai yi da ƙafafunsa da damatsansa.

Masanin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ce Farisawa abu uku kawai suke koya wa yaro daga shekara 5 zuwa 20: hawan doki, harbin baka da faɗin gaskiya. A ƙasar Sin, zamanin daular Zhou, ɗan babban gida fannoni shida yake koya, biyu daga ciki harbi da tuƙin keken doki ne, suna kafaɗa da kafaɗa da rubutu da lissafi. Amma inda aka kai abin ƙarshe shi ne birnin Sparta na ƙasar Girka.

A Sparta yaro ba na iyayensa ba ne, na hukuma ne. Da ya cika shekara 7 sai a shigar da shi tsarin horo tare da sa'o'insa. Babu takalmi. Daga shekara 12 mayafi ɗaya ake ba shi ya yi shekara da shi, rani da hunturu. Shimfiɗarsa ciyawar bakin Kogin Yurotas ce, wadda zai tsinko da hannu, ba da wuƙa ba. Abinci kuwa da gangan ake rage masa, don yunwa ta koya masa sata. Idan aka kama shi ya sha bulala, ba don ya yi sata ba, don ya bari an kama shi. A haka zai tashi cikin gudu da kokawa da jifan mashi, ya shiga soja yana ɗan 20, kuma ko ya yi aure a bariki zai riƙa kwana har ya kai 30.

Me ya yi zafi haka? Tsoro. Mutanen Sparta sun mallake maƙwabtansu sun mai da su bayin gona, kuma bayin sun ninka su yawa. A yaƙin Plataya na shekarar 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Herodotus ya ce kowane sojan Sparta bayi bakwai ne suka raka shi. Wanda ke kwana a tsakiyar mutanen da ya zalunta, ai barci da ido ɗaya ya kama shi. Ko 'yan mata da Sparta ta yi suna wajen barinsu su yi tsere da kokawa da jifa, abin da ya ba sauran Girkawa mamaki, dalilin da aka bayar shi ne su haifi ƙarfafan sojoji. Duk da haka muna ganin gara su da 'yan matan Atina da ke zaune a ɗaka suna kaɗi da saƙa.

Tsarin bai ceci Sparta ba. Yawan cikakkun 'yan ƙasa ya yi ta raguwa, har a yaƙin Luktra na shekarar 371 kimanin 700 ne kawai suka fita, aka kashe wajen 400 a yini guda. Daga nan tauraronta ya fara dishewa.

Atina ta bi wata hanya. Yaron da ubansa ke da hali malamai uku gare shi: na karatu da rubutu, na kiɗa da waƙa, da na motsa jiki. Wani bawan gida ne ke raka shi daga wannan malami zuwa wancan. Makarantar malami na ukun tsakar gida ce mai rairayi, kewaye da rumfuna. Yaro zai tuɓe, ya shafe jiki da man zaitun, a barbaɗa masa ƙura don kada ya yi santsi a hannun abokin karawa, a yi kokawa da tsalle da jifa, malam na tsaye da sanda yana gyara kamu. In an tashi sai ya kankare man da gumin da wani lanƙwasasshen ƙarfe, ya yi wanka. A tsirara ake yin duk wannan, abin da mu dai ba za mu iya ba, kuma daga kalmarsu ta tsiraici aka samo sunan da Turawa ke kiran ɗakin motsa jiki da shi har yau.

Kada mu yi wa Atina kwalliyar da ba tata ba. Kuɗi ake biya, don haka ɗan talaka da wuri yake barin makaranta ya kama sana'a. Doka ta hana bawa motsa jiki a waɗannan wurare, ko da shi ne ya ɗauko wa yaron tulun mai.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tun a lokacin suna muhawara kan iyakar horon. An fara gasar Olamfik a shekarar 776, kamar yadda Girkawa suke lissafi, sai a 632 aka ƙara ɓangaren yara. Aristotal ya duba jerin zakarun, ya lura cewa mutum biyu ko uku ne kacal suka ci gasar suna yara suka kuma ci suna manya, domin horon ƙuruciya ya riga ya cinye musu ƙarfi. Ya soki Sparta da cewa ta mai da yara kamar namun daji da sunan jarumtaka. Malaminsa Aflatun, wanda ake cewa shi kansa ɗan kokawa ne, ya ce motsa jiki zalla yana sa mutum taurin zuciya, kiɗa da karatu zalla kuma su sa shi laushi fiye da kima, sai an gwama.

A nan ne muke jin kunya kaɗan. Darasin P.H.E. yana cikin manhajarmu tun daga firamare, amma da yawa daga cikinmu a allo muka yi shi. Mun zana filin ƙwallo a littafi, mun haddace tsawonsa da faɗinsa, mun ci jarrabawa ba tare da mun yi gumi ba. Idan malamin lissafi yana bin aji bashin darasi, lokacin P.H.E. ake yanka masa. 'Yan mata kuwa sau da yawa gindin bishiya ake tura su su jira a kaɗa ƙararrawa. Langa da ke koya wa yaro tsayuwa da ƙafa ɗaya da haɗin kai da abokan wasa, wadda ba ta buƙatar ko kwabo, an bar ta a lungu, lungun ma yanzu babura sun ƙwace shi.

Manyan makarantun Atina biyu a filin motsa jiki aka haife su. Wajen shekarar 387 Aflatun ya fara koyarwa a wani fili mai itatuwan zaitun a bayan ganuwar birni, inda samari ke tsere da kokawa. Ya je can ne domin can matasan suke. Aristotal ma a wani filin irinsa, Lisiyum, ya buɗe tasa a 335. Sunan filin Aflatun Akademiya. Shi ne sunan da muke gani yau a allunan makarantun kuɗi a unguwanninmu, an rubuta Academy da manyan baƙaƙe a ƙofar gida mai ɗaki huɗu, inda ɗalibai ke jeruwa a soro don taron safe saboda tsakar gidan ba ta ɗaukarsu.