Ranar da ke cikin kilishi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu kilishi na Area 1 a Abuja ya san yadda cinikin yake. Mai kilishi zai yago maka ɗanɗano, ka tauna, yaji da ƙuli-ƙuli su cika maka baki, sannan ya yanka maka farashi, kai kuma ka ce, "Haba Malam, a dai duba!" Kuɗin ɗan abin da zai naɗe maka a takarda zai auno mudun masara da dama a kasuwar Gwagwalada. Mukan ɗora laifin a kan kuɗin mota da dillalai da rashin tsaro, kuma duk suna da hannu. Amma ko da an gyara waɗannan duka, nama ba zai taɓa yin arahar hatsi ba. Dalilin ya girmi naira, yana can cikin daji.

Tushen abincin kusan duk mai rai hasken rana ne. Tsirrai ke kama shi, su haɗa da ruwa da iskar da muke fitarwa wajen numfashi, su mayar da shi ganye da ƙwaya da saiwa. Abin da suke iya kamawa ma bai taka kara ya karya ba, wajen kashi 1 cikin 100 na hasken da ke sauka a kansu. Da wannan ɗan abin ne sauran halittu ke rayuwa.

To, sa ya shiga gamba ya ci ya ƙoshi. Ina ciyawar take tafiya? Mafi yawanta tana ƙonewa a jikinsa wajen tafiya da numfashi da tuƙa da ɗumin jiki, wani ɓangaren kuma ya fita ya zama kandilo. Abin da ke zama tsoka kaɗan ne. A 1942 aka buga binciken wani matashin masani ɗan Amurka, Raymond Lindeman, wanda ya shafe shekaru yana auna wa ke cin wa a wani ɗan tafki a jihar Minnesota. Bai ga aikin a buge ba, don ya rasu a shekarar yana ɗan shekara 26. Daga aikinsa aka samo ƙiyasin da ake koyarwa har yau: a kowane mataki na ci, wajen kashi 10 cikin 100 na makamashin ne ke ƙetarawa gaba. A ce ciyawa ta tara awo 10,000. Fara za ta tsira da 1,000, ƙadangaren da ya ci farar 100, shahon da ya sure ƙadangaren 10. Shi ya sa ciyawa ba ta ƙirguwa, fara ta yi yawa, amma sai ka wuni kana duban sama ka ga shaho ɗaya ko biyu. Shi ya sa kuma mai cin kilishi yake biyan har kuɗin ciyawar da ta salwanta a hanya.

Yawan abin da ƙasa za ta iya ciyarwa ya danganta da ruwan da take samu. Wanda ya taso a mota daga Maraɗi ya biyo ta Kano da Zariya da Kaduna zai ga haka ta taga. A can arewa gawo ne da aduwa da bagaruwa, ciyawa gajera. Yana gangarowa itatuwa na ƙara kusantar juna, har ya shigo shiyyar da masana ke kira savanar Gini, inda Abuja take: doka da maje da kaɗanya da ɗorawa, da gambar da ke shanye mutum a tsaye. Damina a nan kan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kan haura milimita 1,100, fiye da ninki biyu na Maraɗi. A bakin kogunan Usuma da Gurara har kurmi ake samu. Makiyayin da ke koro shanu kudu da rani wannan bambancin yake bi, ko da bai taɓa jin sunan Lindeman ba.

Mazauna dajin kuwa a sarƙe suke. Jan furen ɗorawa da ke reto da rani, jemage na cikin masu kai masa barbara da dare, saboda haka akwai hannun jemage a daddawar miyarmu. Belbela na bin garke don ƙwarin da kofato ke tasarwa. Amma a ganina babbar ma'aikaciyar ita ce wadda muka fi tsana, wato gara. Ita ke cinye busasshen itace da kara ta mayar da sinadaransu ƙasa. Sinadarai suna zagayawa su dawo, makamashi ne ba ya dawowa, kullum sai rana ta kawo sabo. Daren ruwan farko za ka ga garar na biyan bashi: shinge ya ɓarke daga suri ya rufe ƙwan lantarki, kwaɗi na jira a ƙasa, tsaka na lallaɓowa ta bango, yara da kwanon ruwa, da safe kaji da ƙadangaru su share ragowar.

Tun da aka ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya a 1976, gwamnati kuma ta tare a 1991, dajin da Gbagyi da maƙwabtansu suka zauna da shi sai ja da baya yake. Birni dole ya gina gidaje, wannan ba abin musu ba ne. Abin da ya fi damuna buhunan gawayin da ke jere a gefen hanyar Lokoja. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma tana cikin itatuwan da masu gawayi suka fi so. Ga masu cinna wa daji wuta don gafiya guda. Idan tsirran da ke gindin matakan ci suka ragu, na can ƙololuwa irin su shaho ne ke fara ɓacewa, tunda dama su ne 'yan kaɗan.

Ungulu ma, mai share mushe, ta yi wuyar gani, ko da yake ita matsalarta har da guba da masu farautarta don magani. A da kowace mahauta da nata. A 2015 hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta sa irin ungulun da muka saba gani cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Indiya ta riga mu ɗanɗana wannan: a shekarun 1990 maganin diclofenac da ake ba shanu ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulunta. Mushe ya koma hannun karnukan titi, suka hayayyafa, barazanar ciwon haukan kare ta ƙaru, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin.