Itacen Zaitun Da Ƙasar Da Ta Karɓe Shi

Ya ku manoma da dagatai, kun san man zaitun da alhazai kan zo da shi tsaraba, kun kuma ji sunan itacen cikin Alƙur'ani. To, kafin wani ya ɓad da kuɗinsa wajen neman dashe, ga labarinsa.

Zaitun ɗan bakin Bahar Rum ne, watau Sham, da Falasɗinu, da Tunis, da Italiya, da Sifen. A can ruwa cikin sanyi ya ke sauka, lokacin zafi kuwa ƙasa ta bushe ƙayau. Itacen ba ya fure sosai sai ya sha sanyi makonni a jere. Mu kuwa ruwanmu cikin zafi ya ke zuwa, sanyin hunturunmu kuma da hantsi ya ɗaga sai ya gudu. Domin haka a ƙasar zafi ya kan yi ganye shar, 'ya'ya kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Sanyin ma in ya wuce kima ɓarna ne, gama a Fabrairu 1956 ya ƙone zaitun na kudancin Faransa, manoma da yawa suka tumɓuke nasu.

Ku dubi mutanen Safakis a ƙasar Tunis. Ruwansu bai kai sulusin na Kano ba, sai suka riƙa ba da ratar yadi 26 tsakanin itace da itace, eka guda itace 7 ke nan, don kowane ya sami laimar sha. A irin wannan ƙasa sai dashe ya haura shekara 10 kafin a mori wahala. Sun daɗe da wata sharaɗa, mugarasa: mai ƙasa ya ba da fili, manomi ya dasa ya yi reno, in itatuwa sun soma 'ya'ya a raba gonar biyu. Ta haka marasa ƙasa suka sami abin bar wa jikoki, gama zaitun kan yi shekaru ɗaruruwa.

Ranar rabon gado ita ce abin tsoro, ku dagatai kun fi kowa sani. Eka 10 itace 70 ce. In magada biyar sun yanka ta, 14 ba za su ci da gida ba, sai samari su nufi birni, a bar itace ba sassabe, ciyawa ta shanye laima. Waɗansu gidaje ba su yarda a yanka ba. Su kan bar gonar ɗaya tamkar gandu, su yi aiki tare, sai an matse mai sa'an nan a auna wa kowa rabonsa.