A Daina Ɗura Tafarnuwa a Hanci

Tun zuwan korona a 2020 wata shawara ta ƙi mutuwa a majalisu da WhatsApp: wai wanda ya daina jin ƙamshi ya ɗiga ruwan tafarnuwa a hanci, ko ya shaƙi garin barkono, hanya za ta buɗe. Masu faɗin haka ba su san inda ake aikin ba. Ƙwayoyin da ke kama ƙamshi suna can rufin kogon hanci, kuma siraran jijiyoyinsu suna ratsa wani ƙashi mai ƙananan huji kamar rariya, su shiga wasu 'yan curi biyu da ke kwance a ƙarƙashin gaban ƙwaƙwalwa. Nan ake tantance saƙon kafin ya wuce sassan da ke kula da tunawa da motsin rai. Ɗan Adam na da nau'in makamar ƙamshi kusan 400, kuma binciken wannan tsari ne ya ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004.

Wani zai ce ai da ya shaƙi barkonon ya ji shi har tsakar ka. Raɗaɗi ya ji, kuma wata jijiya ce daban ke ɗaukarsa, wadda ke sa hawaye idan ana yanka albasa. Wani kuma zai ce maƙwabcinsa ya ɗiga ya warke. To, ƙwayoyin nan masu kama ƙamshi suna sabunta kansu, shi ya sa yawancin waɗanda mura ko korona ta ɗauke wa ƙamshi suke farfaɗowa cikin makonni ko da ba su sa komai ba. Tafarnuwar ta ci ladan da ba nata ba, bayan ta ƙona fatar cikin hanci. Wanda kuwa ya buga kai a hatsarin babur, jijiyoyin ne kan tsinke a wurin ƙashin nan, ina tafarnuwa za ta kai? Tsufa da cutar Parkinson ma suna rage jin ƙamshi.

Abin da likitoci ke ba da shawara mai sauƙi ne: a riƙa sansanar abubuwa irin su kanumfari da lemon tsami a hankali, safe da yamma, har tsawon watanni. Wanda ba ya jin wari ya kula da tukunyar gas, ya sa wani ya duba masa abincin da ya kwana. Idan abin ya daɗe, ko ya biyo bayan buguwar kai, a ga likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Mai hawa babur kuma, don Allah, ka sa hular kwano.