Abin Da Ya Sa Masu Karatu Daga Nesa Ke Aiki Da Intanet

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Tun zamanin Turawa akwai akawuna da malaman makaranta waɗanda suka yi karatu ta wasiƙa da makarantun Ingila, irin su Wolsey Hall. Ɗalibi ya rubuta amsarsa ya kai gidan waya, takarda ta bi jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga can ta ƙetare teku. Kafin gyaran malami ya komo, makonni sun shuɗe, sau da yawa ma ɗalibin ya mance abin da ya shige masa duhu. Wannan jinkiri shi ne babban ciwon irin wannan karatu, shi ne kuwa intanet ta zo ta yi wa magani.

Misali shi ne Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sa'an nan aka farfaɗo da ita a 2002. Ɗalibinta yana rubuta sunansa ta intanet, ya biya kuɗin makaranta, ya sauko da littattafan darasi cikin wayarsa, ya kuma aika da aikin da aka ba shi, duk yana zaune a garinsu. In wani abu ya gagare shi, sai ya tambayi malami ko abokan karatunsa, watakila amsa ta iso kafin ya kwanta. Galibin masu wannan karatu kuwa ma'aikata ne, da 'yan kasuwa, da matan aure, watau mutanen da ba su da halin barin aiki ko iyali su tare a makaranta shekara huɗu. Lokacinsu na karatu bayan sallar lisha ne, sa'ad da ofis da ɗakin littattafai duk suna rufe.

Amma fa abin yana da tsada. Sai da waya mai kyau, da kuɗin data, da wutar caji, a wasu ƙauyuka kuwa layin kansa ba ya kamawa. Saboda haka ana roƙon hakimai da malamansu, kadan sun ga saurayi ya duƙufa a kan waya da dare, su bincika tukuna kafin su ɗauke shi mashiririci. Inda ofishin hakimi ke da wuta, a taimaki irin waɗannan da wurin zama. A kuma sanar da su cewa jarrabawar ƙarshen zango galibi ba a gida ake yin ta ba. Yawanci sai ɗalibi ya je cibiyar karatu da kansa a ranar da aka sa.