Ciwon Fuka da Masu Tausar Ƙashi

A shekarar 1864 sanƙarau ya shiga gidan wani likita a Amurka mai suna Andrew Taylor Still, ya ɗauke yara uku. Uban Still mai wa'azi ne, likita kuma, a wurinsa ya koyi aikin. Da ya ga magungunan zamanin ba su ceci yaransa ba, sai ya shiga neman wata hanya. A 1874 ya fara koyar da cewa cututtuka da yawa daga gocewar ƙasusuwa da ɗaurewar tsoka suke tasowa, in an gyara su da hannu jiki zai warkar da kansa. A 1892 ya buɗe makaranta a garin Kirksville, jihar Misuri. Sunan aikin ostiyofati. A Amurka masu wannan digiri cikakkun likitoci ne, suna rubuta magani. A Ingila kuwa da hannu suke aiki, dokar 1993 ta sa dole su yi rajista.

To, ina haɗin wannan da fuka, wadda a asibiti ake ce mata asma?

Duk wanda ya kwana da yaro mai fuka ya ga yadda yake ɗaga kafaɗu, jijiyoyin wuya su miƙe, haƙarƙari na shiga na fita. Bayan an sha wannan wahala ƙirji da baya sukan yi tsami. Nan mai ostiyofati yake sa hannu. Yakan kwantar da mutum, ya cusa yatsu ƙarƙashin bayansa inda haƙarƙari ya haɗu da ƙashin baya, ya riƙa ɗagawa a hankali. Yakan kuma sassauta naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda shi ne babban mai jawo iska. Mutane da yawa sukan tashi suna cewa ƙirjinsu ya sake.

Amma fuka can cikin huhu take. Ƙananan hanyoyin iska sukan kumbura, naman da ya kewaye su ya tsuke, majina ta cika su. Yatsa ba ya kaiwa can. A 2005 masanan ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan gyaran fuka da hannu, suka ce hujja ba ta isa a ce yana magani ba.

Akwai wani gwaji da muke so iyaye su riƙe. An yi shi a Boston, aka buga shi a 2011. Wata rana a ba masu fuka maganin shaƙa na gaske, wata rana na ƙarya, wata rana a yi kamar an tsira musu allura irin ta Sinawa. Duk ukun, suka ce sun ji sauƙi kusan daidai. Da aka auna numfashinsu da na'ura, na gaske ya ƙara shi kashi 20 cikin 100, sauran kashi 7 kawai. Ashe mutum zai iya jin daɗi alhali huhunsa na nan a tsuke. Wannan ne ya fi ba mu tsoro, gama Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta fuka ta kashe mutum 455,000 a 2019.

A ganinmu, wanda ya sami ƙwararre, yana kuma da kuɗin, ba laifi a tausa masa ƙirji a ranar da yake lafiya. Amma in wani ya ce a ajiye magani tun da an fara tausa, a bar zuwa wurinsa. Maganin da likita ya ce a shaƙa kullum domin hana kumburi, a ci gaba da shi ko yaro yana guje-guje. Salbutamol, mai shuɗin kwanso, shi ne na buɗe hanya sa'ad da ciwon ya tashi. In yaro ya kasa gama magana saboda haki, ko leɓunansa suka canza launi, a ba shi ya shaƙa, a nufi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Mu malamai kuma muna roƙo: da ƙurar hunturu ta sauko, a sa wa yaro abin shaƙarsa a jakar makaranta, a kuma zo a nuna wa malamin ajinsa yadda ake amfani da shi.