Cinikin da Ake Ƙullawa Kafin Wayar Inna Ta Yi Ƙara

Duk wanda ya taɓa kiran gida daga Jidda ko Landan da katin kira mai araha ya san wannan takaicin. Wayar na ta ƙara a kunnenka, amma a Kano ko motsi ba ta yi ba. Wani lokacin kuma Inna ta ƙi ɗauka, domin baƙuwar lambar Najeriya ta gani a maimakon taka. Mukan ce sabis ne babu. Sau da yawa kuwa matsalar daga wata kasuwa take, wadda ba ma ganinta.

Yawancin kamfanonin da ke sayar da irin wannan kati, ko manhajar kira, ba su da turken sadarwa ko ɗaya a Najeriya. Sarin hanya suke yi a hannun dillalai, minti-minti. Tun a 1997 aka buɗe Band-X a Landan, dandalin da ya riƙa haɗa masu rarar layi da masu nema. Ita kuwa Arbinet ta Amurka, kwamfuta ta ɗora wa aikin haɗa tayin mai saye da farashin mai sayarwa. A yau, da zarar ka danna lamba, na'ura ce ke duba farashin dillalai ta zaɓi hanya kafin ƙiftawar ido.

Na'urar ba ta da ra'ayin kanta, abin da injiniya ya saita mata take bi. Akwai iyakar kuɗin da za ta biya a kan minti guda. Akwai ma'aunin inganci: kashi nawa na kiran da aka tura ake ɗauka, kuma minti nawa ake yi ana magana. Idan mutane na kashe waya bayan 'yan daƙiƙoƙi, alama ce murya ba ta fita. Sai kuma jerin hanyoyin ko-ta-kwana, idan ta farko ta cushe. Kamfanin da ya matse farashi ya sassauta inganci zai yi maka araha, amma na'urarsa za ta riƙa faɗawa hannun dillalai marasa gaskiya.

Daga ina arahar ke fitowa? A 2016 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta ɗaga kuɗin shigar da kiran waje daga naira 3.90 zuwa 24.40 a minti. Ghana ma a 2009 ta kafa dokar biyan aƙalla santi 19 na dala. Domin kauce wa irin wannan kuɗi, wasu kan janyo kiran ta intanet, su zuba shi a wata na'ura mai ɗauke da tarin layukan waya, ya fita kamar kiran cikin gida. Shi ya sa lambarka ke ɓacewa. Wasu dillalan ma sukan fara lissafin kuɗi tun wayar na ƙara.

Kiran WhatsApp ba ya bin wannan kasuwa, amma ba kowane tsoho a ƙauye ke da babbar waya ba. Saboda haka, kafin ka zuba kuɗi da yawa, ka gwada da kaɗan. Tambayi wanda ka kira lambar da ya gani, sannan ka gwama mintocin da aka cire maka da waɗanda wayarka ta nuna. Idan sun saɓa, canza kamfani. Ranar da za a neme ka kan rashin lafiya ko rasuwa, kiran da ya shiga shi ne mai araha.